IDO, ƘASHIN BAYA DA KUNNE: YADDA JIKIN ƊAN'ADAM KE AUNA MOTAR ALFARMA

Gabatarwa

Duk wanda ya saba zaman yamma a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta ratsa Yelwan Yauri ta nufi Koko da Jega, ya san irin gardamar da kan ɓarke a majalisar masu sha'awar motoci da zarar wata salun ta alfarma ta gifta. Kafin ƙarar injinta ta gushe, majalisa ta rabu gida uku. Kashi na farko su ne masu yabon ƙira, waɗanda ba sa ganin komai sai fitilu da goshi da yadda bayanta ya zauna. Kashi na biyu, galibi dattawa da tsofaffin direbobi, su kan ce kyan ɗan maciji ne kawai, a fara faɗa musu ko mutum zai je Sakkwato a cikinta ya sauka ba tare da ciwon baya ba. Kashi na uku kuwa matasa ne, kuma tambayarsu ɗaya ce: yaya take fizga idan an taka totur, yaya kuma take riƙe ƙasa a kwana?

Abin da 'yan majalisar ba su cika lura da shi ba shi ne, rabin gardamar tasu ba a kan ƙarfe take ba, a kan jikin ɗan'adam take. Mai yabon ƙira yana ba da labarin aikin idonsa da ƙwaƙwalwarsa ne. Mai neman daɗin zama yana magana ne da yawun ƙashin bayansa. Mai son fizga kuwa, ba tare da ya sani ba, yana bayyana aikin wasu ƙananan gaɓoɓi ne da ke can cikin kunnensa. Wannan maƙala za ta bi waɗannan ma'aunai uku ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda suke faɗin gaskiya da kuma inda suke yaudarar mai su, domin a wurin yaudarar ne ake asarar rayuka.

Irin Motar da Ake Gardama a Kai

Motar da ake nufi ita ce salun mai ƙofa huɗu wadda aka haɗa mata abu biyu da ba su cika zama wuri ɗaya ba, wato ƙawa irin ta motar manya da zafin gudu irin na motar tsere. Kamfanonin Jamus ne suka fi yin suna a wannan fanni. BMW ya fito da M5 ta farko a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 kuma Mercedes-Benz, wanda Hausawa ke kiran motocinsa Marsandi, ya gabatar da 500 E, wadda aka haɗa tare da taimakon kamfanin Porsche, mai inji mai ƙarfin doki 326, aka kuma kayyade gudunta a kilomita 250 cikin awa. An gina ta ne a kan samfurin W124 da ya fito a 1984, wanda 'yan Nijeriya suka laƙaba wa suna V-Boot saboda yanayin murfin but ɗinsa.

A ɗaya ɓangaren akwai motar da dattawa ke kafa hujja da ita, wato Peugeot 504, Fijo ke nan. Ta fito a Faransa a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar harhaɗa Fijo ta Kaduna ta soma aiki. Fijo ba motar tsere ba ce, amma ita ce mudun da mutane da yawa a Arewa suke auna daɗin mota da shi har bayan an daina ƙera ta.

Ma'auni na Farko: Ido

Me ya sa mutum kan dubi gaban mota ya ce wannan ta ɗaure fuska, waccan kuwa kamar tana murmushi? Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Tun yana jariri, ɗan'adam ya fi karkata ga duk wata siffa mai ɗigo biyu a sama da layi ɗaya a ƙasa, domin gane fuska na daga cikin ayyukan da rayuwarsa ta dogara a kansu. A ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wajen bayan kunne, akwai wani yanki da ke himmatuwa duk lokacin da aka ga fuska. A shekarar 2000, Isabel Gauthier da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa wannan yanki yana himmatuwa kuma idan gwanayen sanin motoci suka kalli hoton mota. Ke nan ɗan majalisar da ke gane samfurin mota tun daga nesa yana amfani ne da wani ɓangare na kayan aikin da yake gane 'yan'uwansa da su.

Bugu da ƙari, Sonja Windhager ta Jami'ar Biyana a ƙasar Ostiriya ta jagoranci bincike a kan wannan batu, aka buga sakamakonsa a 2008 da 2012. An nuna wa mutane hotunan gaban motoci a Ostiriya da kuma karkarar Habasha. Duk da bambancin al'ada, jama'ar wuraren biyu sun ɗauki mota mai faɗin gaba da siraran fitilu a matsayin babba mai iko, mai manyan fitilu zagayayyu da babban gilashi kuwa a matsayin mai kama da yaro. Masu zana motocin alfarma sun san da haka, shi ya sa suke tsuke fitilu kamar idon mai harara.

Sai dai ba dukkan ƙira ce ado ba. Wani ɓangarenta darasi ne da kifi ya riga injiniya sani. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, don haka duk halittar da ke son sauri a cikinsa tilas jikinta ya zama mai sulɓi, gaba a dunƙule, baya a tsuke. Ɗalibin da ya je kasuwar kifi ta Yauri ya dubi tsage, ya kuma dubi giwan ruwa, zai ga wannan siffa ƙarara. Ita ce kuma masassaƙan kwalekwale na gaɓar Neja suke bi tun kaka da kakanni. Iska ma tana turje wa mota, kuma turjiyar tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Saboda haka kwantaccen gilashi da tsukakken baya na V-Boot ba don burgewa kawai aka yi su ba, suna rage shan mai da ƙugin iska. A nan ido ya yi gaskiya. Inda yake kuskure shi ne, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti. Mota 'yar Kwatano tana iya sheƙi kamar sabuwa alhali shokozobanta sun mutu, tayoyinta kuma sun tsufa.

Ma'auni na Biyu: Ƙashin Baya

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne, kuma a tsakanin waɗanda ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi 23 masu ɗauke da ruwa-ruwa a tsakiyarsu. Waɗannan faya-fayai su ne shokozoban da aka halicci mutum da su. Nauyin jiki yana matse ruwansu a hankali cikin yini, shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba fiye da almuru da abin da ya kai santimita ɗaya ko fiye. Zaman da aka ranƙwafa gaba yana ƙara musu matsi, girgiza kuma tana ƙara wani a kai. Binciken lafiyar ma'aikata a ƙasashe da dama ya tabbatar da alaƙa tsakanin daɗewa cikin girgizar abin hawa da ciwon ƙugu, musamman ga direbobin manyan motoci da na tarakta.

Amma ba kowace girgiza ce ke takura wa jiki daidai da 'yar'uwarta ba. Kowane abu yana da adadin kaɗawar da ya fi amsawa, kamar yadda lilo ke ƙara nisa idan ana tura shi a daidai lokacin da ya dace. Gangar jikin mutumin da ke zaune, tare da kayan cikinsa, ta fi amsa girgizar sama da ƙasa mai maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa. Idan kujera ta kaɗa a wannan adadi, jiki yana ƙara girman girgizar ne maimakon ya rage ta. Wannan ita ce azabar da fasinja ke sha a kan hanyar burji mai gargada, irin wadda ke gangarawa ƙauyukan bakin tafki a ƙasar Ngaski da ta Shanga.

Aikin sifirin da shokozoba shi ne su raba jiki da wannan adadi. Sifirin yana karɓar duka daga taya, shokozoba kuma yana kashe lilon da zai biyo baya ta hanyar tilasta wa mai ya bi ta ƙananan ramuka. A motar da aka ƙera don daɗin zama, bodi yana lilo ne kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da kaɗawar da jiki ya saba da ita wajen tafiyar ƙasa ba. A motar da aka ƙera don gudu kuwa, ana ƙarfafa sifirin har lilon ya kusanci sau biyu a daƙiƙa, ana sauke bodi kusa da ƙasa, a kuma sa tayoyi masu gajeren gefe, duk don kada motar ta karkata a kwana.

A nan ne hujjar dattawa take da tushe. Fijo 504 tana da tazara mai kyau daga ƙasa, ƙafafunta suna da doguwar hanyar hawa da sauka, tayoyinta kuma suna da kaurin gefe da ke shanye duka. Salun mai zafin gudu an auna ta ne da shimfiɗaɗɗun titunan Jamus. Idan ta faɗa rami, gajeren gefen taya ba ya da abin da zai shanye dukan, sai ya wuce ga rim, ya wuce ga kujera, ya ƙare a ƙugun mai zama. Motocin zamani suna da shokozoba masu sauya tauri da umarnin kwamfuta, amma gyaransu yana da tsada, kuma ba sa ƙara wa mota tazara daga ƙasa sai in an haɗa da na'urar ɗaga bodi. Daɗin mota, ashe, ba sifarta ba ce ita kaɗai. Sakamako ne na haɗuwar mota da hanya da kuma jiki.

Ma'auni na Uku: Kunnen Ciki

Aikin kunne bai tsaya ga ji ba. A can ciki, cikin ƙashin kai, akwai gaɓoɓin daidaito guda biyar a kowane kunne. Uku daga ciki bututu ne masu lanƙwasa kamar rabin zobe, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar ɓangare daban. Idan kai ya juya, ruwan yana jinkirin bin sa, sai ya tanƙwara wasu ƙananan gasu masu aika saƙo ga ƙwaƙwalwa. Sauran biyun jakunkuna ne da ke ɗauke da ƙwayoyin dutse ƙanana ƙwarai, na sinadarin da alli ke ɗauke da shi, zaune a kan wani abu mai yauƙi. Idan jiki ya zabura gaba, ko ya tsaya, ko ya karkata, duwatsun suna zamewa su ja gasun da ke ƙarƙashinsu.

Kifi ma yana da irin waɗannan duwatsu, sai dai nasa dunƙulallu ne da ido ke iya gani. Wanda ya fasa kan giwan ruwa a hankali zai tarar da su, farare masu tauri. Masanan kifi suna yanka su su ƙirga layukan da ke ciki don ƙiyasta shekarun kifi, kamar yadda ake yi da kututturen itace. Ilmin kifin Tafkin Kainji kuwa yana da cibiyarsa ta ƙasa a Sabuwar Busa.

To, abin da matasa ke kira fizga aikin waɗannan duwatsu ne. Motar da ke tashi daga tsaye ta kai kilomita 100 cikin daƙiƙa 6 tana tura mai zama da ƙarfin da ya kusa rabin nauyin jikinsa. Duwatsun kunne suna zamewa baya kamar an kwantar da kai da kimanin digiri 25. A lokaci guda fata tana jin matsin kujera, tsokoki da gaɓoɓi suna ba da rahoton matsayinsu, tafin hannu kuma, wanda ke da jijiyoyi masu gane girgiza mai sauri har sau 250 a daƙiƙa, yana karanta yanayin kwalta ta cikin sitiyari. Duk motar tana taɓa ƙasa ne a wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba, kuma labarin abin da ke faruwa a waɗannan wurare shi ne direba ke nema. Idan saƙonnin nan suka zo da wuri kuma suka dace da abin da ƙwaƙwalwa ta yi tsammani, sai direba ya ce motar tana jin magana. Idan ya haɗa da gudu, wasu ƙullutai da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, mutum ya ji wani irin nishaɗi.

Abin da ke faranta wa direba, shi ne kuma ke tayar wa fasinja zuciya. Bayanin da masana suka fi yarda da shi, wanda Reason da Brand suka tsara a 1975, shi ne saɓanin saƙonni. Ɗalibar da ke kujerar baya tana duba littafi ko waya, idonta yana cewa a zaune take wuri ɗaya, kunnenta kuwa yana cewa ana wujijjiga ta. Direba ba ya shan wannan wahala domin shi ke juya sitiyari, ƙwaƙwalwarsa ta san abin da ke tafe. Motsin da ya fi jawo amai shi ne mai jinkiri, kamar sau ɗaya a daƙiƙa biyar, irin na yawan taka birki da shan kwana, ko na igiyar ruwa a ƙarƙashin jirgin da ya taso daga Wara ranar da iska ta tashi. Hujjar cewa kunne ne tushen abin ita ce, mutanen da gaɓoɓin daidaitonsu suka lalace gaba ɗaya ba sa yin irin wannan jiri, abin da William James ya lura da shi a tsakanin kurame tun 1882. Maganin farko shi ne zama a gaba, duban nesa, da ajiye abin karatu.

Inda Jiki ke Yaudarar Mai Shi

Kunnen ciki yana da wata babbar kasawa: yana gane sauyin gudu ne kawai, ba ya gane gudun kansa. Da zarar mota ta daidaita a kan gudu ɗaya, duwatsu sun koma mazauninsu, ruwan bututu ya natsu. Daga nan ƙwaƙwalwa tana ƙiyasta gudu ne daga ƙara da girgiza da giftawar itatuwa. Motar alfarma kuwa an kashe kuɗi mai yawa don kawar da ƙara da girgiza. Tsohuwar mota tana yi wa direbanta kashedi da kakkarwa, sabuwar salun kuwa tana yin shiru. Ta haka daɗin da aka saya da tsada yake toshe bakin mai gargaɗi.

Abin da injiniya bai iya sauyawa ba shi ne saurin jijiyar mutum. Daga lokacin da saniya ko ɗan acaɓa ko yaro ya faɗo hanya ba zato, zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, direba yana cin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. A gudun kilomita 100, mota tana shafe kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato mita 42 kafin a taɓa birki, sannan kimanin mita 55 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau. Jimla mita 97. A gudun kilomita 140, lissafin ya zama mita 58 da mita 108, jimla mita 166, fiye da tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi. Abin tsoron shi ne, a daidai wurin da mota ta farko ta tsaya cik, ta biyu tana kan gudun da ya haura kilomita 110.

Gaskiya ne motocin alfarma sun jagoranci dabarun kariya. Volvo ya kawo bel mai riƙe ƙirji da ƙugu a 1959, Mercedes-Benz ya fito da bodi mai lanƙwashewa don shanye karo a wannan shekara, sannan ya sa birki mai hana taya ƙullewa a 1978. Amma waɗannan dabaru sun fi kare na ciki, kuma bel ba ya amfanin wanda bai ɗaura ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wannan ya shafi ɗalibai kai tsaye, domin ɓangaren goshi na ƙwaƙwalwa, mai auna haɗari da danne zumuɗi, ba ya kammala girma sai wajen shekara 25. Dokar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa a 1988 ke kula da ita, ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na musamman. An yi wannan iyaka ne bisa ƙarfin jijiyar direba, ba bisa ƙarfin inji ba.

Gwaji Biyu Domin Aji

Malami yana iya tabbatar da wannan bayani da kayan da ke hannunsa. Na farko, ɗalibi ɗaya ya riƙe rula mai santimita 30 a tsaye, na biyu ya buɗe yatsunsa biyu a daidai sifili. Na farko ya saki ba sanarwa, na biyu ya cafke. Cafka a santimita 10 tana nufin daƙiƙa 0.14, a santimita 20 daƙiƙa 0.20, a santimita 30 kuma daƙiƙa 0.25. Sai a maimaita yayin da wani ke yi wa mai cafkar tambayoyin lissafi, a ga yadda rular ke wucewa. Wannan shi ne halin direba mai amsa waya. A kuma tuna wa ɗalibai cewa mai cafkar rula yana jiran faɗuwarta, direba kuwa ba ya jiran saniya.

Na biyu, a zuba ruwa a kwano, a ɗora ɗan karan tsintsiya a kai, a juya kwanon a hankali. Da farko ruwan zai ƙi bin kwanon, daga baya ya bi, idan kuma aka tsayar da kwanon sai ya ci gaba da juyawa. Haka ruwan bututun kunne yake yi, kuma wannan ne dalilin hajijiyar da yaro ke ji bayan ya daina juyi.

Kammalawa

Kowane kashi na majalisar Yelwa yana da gaskiyarsa. Mai yabon ƙira ya gane sulɓin da kifin Kainji ke rayuwa da shi. Dattijo ya san abin da ƙugunsa ya sha a hanya, jiki magayi. Matashi kuma bai yi ƙarya ba da ya ce akwai motar da ke jin magana. Kuskuren da ya haɗa su shi ne ɗauka cewa abin da jiki ya ji shi ne dukkan abin da ke faruwa. Mai hankali yana sauraron idonsa da bayansa da kunnensa wajen zaɓen mota, amma da ya hau kwalta sai ya koma ga allurar da ke nuna gudu, domin ita kaɗai ce a cikin motar ba ta san daɗi ba. Inji yana iya samun ƙarfin doki ɗari uku, amma wanda ke riƙe da sitiyari har yanzu daƙiƙa ɗaya da rabi yake bukata kafin ya taka birki. Sannu-sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.